Saura Mako Uku a Bishiya

Tun da injin awo ya lalace wata huɗu da suka wuce, harshenta ne ya koma inji. A kamfanin matse lemo kowa Anti Ɗanɗano yake kiranta, har manaja. Shekara goma sha bakwai ke nan tana zama a ɗan ɗakin gwajin nan mai taga ɗaya, ita da wuƙa da ƙananan kofuna. Ranar Laraba kafin rana ta take ta riga ta kurɓi kofi ashirin da shida, tsami ya kashe mata haƙora.

Maigadi ya leƙo ya ce ga wani tsoho can da mota cike da lemo, ya ƙi bin layi.

Ta san shi. Mai lambu ne, duk shekara yana kawo musu kaya, amma bai taɓa zuwa a farkon kaka haka ba. Ya shigo da lemo shida a cikin hularsa, ya zube a tebur.

"'Yata, sha ki ji. Zuma ce."

Ta yanka ɗaya, ta matse, ta kurɓa. Da zaƙi kam. Ta duba ɓawon, kore bai gama sakinsa ba.

"Baba, yaushe ka tsinka?"

"Jiya. Ƙuda ne ya shigar mini lambu, kullum da safe sai in tarar da ƙasa ta yi ja da lemo. Na ce gara in ceci abin da ya rage."

Ta matse sauran a ƙaramar tukunya, ta ɗora a wuta kamar yadda ake dafa ruwan kafin a zuba a kwalba. Ta ba shi kujera. Ƙarar injin matsa na shigowa ta bango. Da ruwan ya huce ta zuba a kofi biyu, ta miƙa masa ɗaya.

Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya dubi kofin kamar an musanya masa.

"Me kika zuba a ciki?"

"Ban zuba komai ba, Baba. Naka ne."

Ta yi masa bayanin da ta yi wa mutum ya fi ɗari, da muryar da ta gaji da yinsa. Lemo yana ƙarami ɗacinsa ya fi yawa, yana girma yana raguwa. Amma akwai wani ɗacin da yake kwance a cikin tsokar, ba a jinsa idan an ɓare an sha nan take. Sai an matse, ya haɗu da tsamin ruwan, ya ji wuta ko ya kwana, sannan ya farka. In an bar lemon ya gama nuna, bishiyar da kanta take kashe yawancinsa.

"Naka saura kamar mako uku."

"To yanzu in mayar da su in ɗaura a reshe?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ki rufa mini asiri. Ku haɗa da na wasu mana, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kuma duk tankin zai ɗauki ɗacin, a dawo mana da kwalabe, a ce ina Anti take."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular. Ta ga yadda ƙaya ta tsattsaga masa bayan hannu. Ta ɗauko waya ta kira ƙanwar mijinta, wadda take sayar da kayan marmari a kasuwa. Ta ce mata lemon sha ne mai zaƙi, matsa ce kawai ba ya so. Bayan dogon ja-in-ja ƙanwar ta yarda za ta ɗauki kwando ashirin. Motar kuwa kwando sittin ne a cikinta.

"Sauran fa?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

Manaja ya turo ƙofa ba sallama. "Anti, mota ta tare mana ƙofa awa biyu. Karɓa ko kora?"

"Kora, Yallaɓai."

Ya rubuta a takardarsa ya fita.

Tsohon ya miƙe da ƙyar, yana dafa tebur. A bakin ƙofa ya tsaya ya tambaya, waɗanda suka rage a bishiya fa, in ya bar su mako ukun za ta karɓa? Ta ce in ya kawo za ta gwada.

"In ƙudan ya bar mini," ya ce.

Ta ji direba ya daɗe yana fama da motar kafin ta tashi. Ƙarfe biyar ta cire rigar aiki, ƙafafunta sun kumbura a takalmi. Bas ta zo cike, ta yi tsaye har gida.