Ƙofar Motar Sodangi

A shekarar da aka karɓi mulkin kai, motocin Sakkwato ba su da yawa, amma akwai mutum biyu da ke ci daga jikinsu, kuma kowannensu ya raina ɗan'uwansa.

Junaidu ɗan gidan maƙera ne. Ya bar ƙirar fartanya ya koma miƙe jikin mota idan ta lotsa, a wata rumfa da ke bakin kasuwa. Hannunsa na da kyau, sai dai duk motar da ta fito daga wurinsa ka rantse daga murhu aka ciro ta. Dodo kuwa wanke mota da goge ta ne aikinsa, a unguwar Gawon Nama. Ya taɓa yi wa wani Bature wankin mota shekara uku, tun daga nan bai ƙara rabuwa da gajeren wandon kaki ba, kuma ba ya kiran Junaidu sai "mai baƙin hannu". Shi ma Junaidu in aka ambaci Dodo sai ya tofar da yawu ya ce, "Ƙato da gemu, aikinai wankan ƙarhe."

Ana nan sai Alhaji Sodangi, falken shanu, ya sayi wata baƙar mota hannun wani Bature da zai koma gida. Saura kwana uku bikin mulkin kai ya ajiye ta a kara, wato kasuwar shanu, wani bijimi ya hangi kansa a jikin ƙofar, ya ɗauka abokin faɗa ne, ya kai mata karo. Ƙofa ta lotsa kamar cikin ƙwarya.

Sodangi ya kai ta wurin Dodo, ya tambaye shi ko ya san mai gyara.

Dodo ya san mai gyara sarai. Amma ya shafa ƙofar ya ce, "Alhaji, wanga ɗan abu? Kada ka kai ta ga maƙeri shi ɓata maka ita. Ni Turawa sunka koya man aiki."

Abin da Turawa suka koya masa, ashe, shi ne ya cika ramin da kakin zuma, ya shafe da baƙin man takalmi, ya goge har tana ɗaukar ido.

Ranar biki Sodangi ya ajiye motar a rana tun hantsi. Da azahar ya kira mai hoto, ya jingina da ƙofar cikin farar rigarsa sabuwa, abokan fataucinsa na kewaye da shi. Da ya ɗago, rabin kakin ƙofar ya biyo bayan rigar. Sauran yana tsiyaya ƙasa, ƙudaje na bi. Mahautan da ke wurin suka yi dariya har wani ya zauna a ƙasa.

Washegari Sodangi ya sa Dodo a mota, sai rumfar Junaidu.

Junaidu ya sa yatsa ya lakato kakin, ya shinshina. "Alhaji, mota ta ko amya?"

"Gyara man ita, ban zo raha ba."

Junaidu ya cire ƙofar, ya yi ta bugu daga ciki har la'asar. Ta miƙe sumul. Amma ga shatin yatsu ko'ina, ga gawayi har kan kujera.

Sodangi ya dube su duka biyu. "Kai ƙazami, kai kuma maƙaryaci. Dodo, ɗauko ruwa ka wanke ta nan, gaban maƙera. Daga yau wanda ya kawo maka lotsattsa ka turo shi nan. Kai kuma in ka gama bugunka ka tura mutum Gawon Nama. In na ji an saɓa, babu direban da za shi ƙara tsayawa wurinku, ni na san su duka."

Dodo ya wanke ta, maƙera na yi masa sannu da aiki da ƙarfi don kowa ya ji.

Bayan sati biyu wani direban babbar mota, Abdulwahabu, ya zo wa Dodo da gefen mota a lotse. Dodo ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya nuna hanyar kasuwa da haɓa.

"Tahi wurin wancan. Bai da tsabta, bai da ladabi, amma ya iya. In ya ƙare ɓata ta ka dawo."

Haka suka yi shekara tara suna tura wa juna mutane, aiki ya yi musu yawa har Junaidu ya ƙara rumfa ta biyu. Ko a masallacin Juma'a suka haɗu, kowa sahunsa daban.