'Yar Baraka

"Shatu, wai ke kika haife ni, ko Umma Baraka?"

Hure ce ta jefo tambayar, tana tsugune gefen kwanon wanki, a gaban matan unguwar Nakkasa ta Makka da suka taru suna jiran mai ruwa ya hauro dutsen. Matan suka tuntsire da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "To, ba ta amsa mana, uwar kunya!"

Shatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ƙara duƙar da kai cikin kumfa, ta ce, "Ke yarinya, tashi ki ba mutane wuri. Je ki wajen uwarki."

Hure 'yar farin Shatu ce. A ƙauyen su Shatu, can wajen Gumel, mace mai mutunci ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta cewa nata ne a gaban jama'a. Haka ta taso ta gani. Da ita da mijinta Wada suka taho a ƙasa, ta Chadi da Sudan, kaya suka yi ta zubewa a hanya. Jaki ya mutu, tukwane suka fashe, shi kansa Wada a Sudan aka binne shi Hure tana jaririya. Kunyar nan kaɗai ta iso Makka ba ta ko ƙwarzane ba.

Baraka maƙwabciyarta ce, Bahaushiya wadda iyayenta suka daɗe a garin har ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Turare da gyaɗa take sayarwa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Wurinta Shatu ke barin Hure in za ta wanki gidajen Larabawa. Duk wanda ya tambayi ta wace ce wannan 'yar, amsar Shatu ɗaya ce: "'Yar Baraka ce." Amma in an rufe ƙofar ɗakin kwano, Shatu ce ke kwance bakin mayafi ta fito da tsokar naman da aka ba ta a gidan aiki. Ita ke tafasa ruwan sha, ita ke taɓa goshin yarinyar a kai a kai.

Bayan aikin Hajjin 1965, wani hantsi, askarawa suka tsayar da babbar mota a gindin dutsen, suka hauro neman waɗanda suka zauna ba iƙama, wato izinin zama. Shatu ba ta da ita. Aka fito da ita tsakar unguwa, Hure na riƙe da bakin zanenta. Maza da dattawa duk sun fito kallo.

Askari ya nuna yarinyar ya yi magana. Tafintansu, wani Bahaushe mai suna Mukhtaru, ya ce, "Hajiya, yana tambaya, wannan 'yarki ce?"

Idon dattawa na kanta. Bakinta ya riga zuciyarta.

"'Yar Baraka ce."

Da ta ji abin da ta faɗa, sai ta lallashi kanta. Gara haka, kada a jefa yarinya bayan mota cikin wannan rana. In mutane sun ragu za ta yi bayani a tsanake.

Askarin ya sunkuya ya tambayi Hure da Larabci ina uwarta. Hure ta ɗaga kai ta dubi Shatu. Shatu ta kau da fuska, kamar yadda ta saba. Yarinyar ta ɗan jira, sannan ta miƙa yatsa wajen Baraka.

Jidda aka kai Shatu da sauran waɗanda aka kama, wani fili mai shingen waya kusa da bakin teku, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Washegari Shatu ta kutsa har gaban jami'in wurin, ta ce ta baro 'yarta a Makka, a ɗauko mata ita su tafi tare.

Mukhtaru ya ce, "Baiwar Allah, da bakinki kika ce ba taki ba ce. Unguwa ta shaida, yarinya ta nuna."

"Malam, kai fa Bahaushe ne! 'Yar fari ce. Kai taka uwar ta taɓa kiran sunan babban wanku? Faɗa masa!"

Ya faɗa masa, har da kwatance da hannu. Jami'in ya saurara, ya girgiza kai. Mukhtaru ya juyo a sanyaye. "Ya ce bai taɓa jin uwar da kunya ta sa ta ƙi ɗanta ba. Ya ce kullum sai mata sun ƙirƙiro 'ya'ya don a bar su su koma Makka. Sai dai in ita Barakar ta zo ta faɗa da kanta."

Baraka ta zo ana jibi jirgin ruwa zai tashi. Ita kaɗai, da ƙunshin gurasa. Suka tsaya, waya a tsakaninsu.

"Yaya Baraka, ina yarinyar?"

"Tana gida, lafiyarta ƙalau."

"Shiga ki gaya musu tawa ce. Magana ɗaya ce tak."

Baraka ta dubi ƙasa. "In na ce ba tawa ba ce, cewa za su yi na yi wa hukuma ƙarya, ni ma su haɗa da ni. Kuma tsakaninki da Allah, Shatu, me za ki koma da ita ta tarar? A nan ko makaranta ta yi."

Shatu ta dube ta da kyau, ta gane ba tsoro ne kaɗai ba. Matar ta riga ta saba da ɗumin yarinya a gadonta. Ta nemi ashar ta rasa, ta nemi kuka ya ƙi zuwa. Abin da ya fito daban ne.

"Kada ki ba ta ruwan randa da safe, tari yake sa ta. Kunnenta na hagu yana ruwa in an yi zafi. Ba ta faɗa in tana jin yunwa, sai kin lura. Ki kawo min ita gobe in gan ta. Gani kawai."

Baraka ta ce, "In sha Allahu, ya ukhti," wato 'yar'uwata.

Shatu ta wuni a jikin wayar har rana ta ƙone mata wuya. Ba wanda ya zo. Ranar tafiya aka kora su cikin jirgi a jere, ita ba goyo, ba kaya, sai gurasar da ta kasa ci.

Ke mai karanta wannan, in neman abinci ya kai ki ƙasar wasu da ɗa a hannu, ki bar wannan kunyar a gida. Hukumar can ba ta san kara ba, abin da bakinki ya furta shi take riƙewa. Duk wanda ya tambaye ki, ko a gaban surukanki ne, ki ɗaga kai ki ce naki ne.