Ranar Ruwan Doña Eufemia

Delfino Maestas ne ya cire gicciyen Leandro. Shi ne, da hannunsa, da rana tsaka, ko hularsa bai tuɓe ba. Kada wani ya ce muku sojoji ne, kada a ce muku umarni ne daga sama. Sojoji ba su san ƙauyen Ojo Seco ba, balle su san wanda ya mutu a kwanarsa. Delfino kuwa ya sani. Shi ne uban baftismar yaron, shi ya riƙe shi a gaban Fada, limamin coci, yana jariri. Ranar da babur ya kayar da Leandro a kwanar nan, shi Delfinon ne ya ajiye dutsen farko a wurin, yana sharɓar hawaye kamar da gaske.

Doña Eufemia Tafoya, uwar Leandro, ba a bakin wani ta ji ba. Ta fito da safe da furanni a gwangwani kamar yadda ta saba, ta iso kwanar, sai ta tarar da fili fetal, an shimfiɗe tsakuwa an daddaɓe. Babu gicciye. Babu tarin duwatsu.

Marigayi mijinta Anastacio ne ya ƙera gicciyen da ƙarfen tsohuwar garma, ya kafa shi daidai inda ran ɗansu ya fita, ba gaba ba baya. Gawa tana maƙabartar coci, amma nan ne numfashi ya tsaya. Duk wanda ya wuce ya yi wa yaron addu'a, sai ya ɗora dutse guda a gindin. Shekara da shekaru ana ɗorawa har tarin ya kai ƙugun mutum. Eufemia ta san wasu duwatsun kamar yadda ta san fuskoki. Jan nan na yarinyar da Leandro ya so aura ne. Farin mai santsi, 'yar'uwarta ce ta ɗauko shi tun daga garin Mora a cikin jaka.

Kuma don me aka yi wannan ɗanyen aiki? Don gawar jirgi. Wani tsohon jirgin yaƙi ne, irin mai zubar da bamabamai, wanda ya daɗe yana kwance a hamadar Arizona cikin jiragen da aka sallama. Wai za a kai shi Oklahoma a yi ta lanƙwasa ƙarfensa har a ga inda zai tsage, don a san yadda za a lallaɓa 'yan'uwansa da ke tashi har yanzu. Ba ya iya tashi, sai aka cire masa fukafukai da jela, aka ɗora gangar jikinsa a kan wata tirela mai tayoyi kamar ƙafafun shanshani. Tsayinsa ya hana shi bi ta ƙarƙashin gadar babban titi, shi ne aka karkato da shi ta cikin ƙauye. Kwanar ta yi wa tirelar kaɗan, aka ce shugaban ma'aikatan hanya na gunduma ya faɗaɗa ta. Delfino ke nan.

Ta same shi a wurin, yana tsaye a inuwar katafila yana shan kofi. Kompadre take ce masa, yadda uwa ke kiran uban baftismar ɗanta, shi kuma yana ce mata komadre.

"Kompadre, ina gicciyen ɗana?"

"A'a, komadre, ke ce da sanyin safiya? Matso inuwa mana."

"Ban zo shan inuwa ba. Ina gicciyen?"

"Yana nan a adane. Jirgi na wucewa za mu mayar."

"Ku mayar a ina? Ka sa alama a wurin?"

Ya kurɓi kofi.

Ta nuna jikin bangon coci, inda aka jera allunan hanya da akwatunan wasiƙa, kowanne da shafin fenti, kowanne da turke a ƙasa mai nuna raminsa. "Akwatin maƙwabciyata Crucita, wanda kare ke yi wa fitsari, ka sa masa turke. Ɗana ne bai kai a sa masa ba. Duwatsun fa?"

"An tura su cikin lambatu, an cike da su. Ƙasar wurin ba ƙarfi, dole a samu abin da zai ɗauki nauyi." Ya ga fuskarta, sai ya sassauta murya. "Duwatsu ne fa, komadre. Zan sa a kawo miki tifa guda daga rafi. Masu kyau, waɗanda suka fi na da."

Tifa guda. Haka ya ce da ita, yana kallon cikin idonta.

Ta je wurin Fada, ya ba ta haƙuri. Ta je wurin ɗan sanda, ya ce akwai doka a kan irin waɗannan gicciye, tabbas akwai, amma ta bari jirgi ya wuce tukuna. Kowa jirgi, kowa jirgi. Mata suna kwaɓa tamale, wani irin dambun masara a ganye, za su sayar wa 'yan kallo, 'yan makaranta suna koyon taken ƙasa da kakaki. Eufemia ta koma gida ta zauna a bakin gonar barkononta, tana kallon busasshen lambatun da ke kawo mata ruwa. Shi ne wanda aka toshe a kwana da duwatsun ɗanta.

Da yamma Onofre Gallegos, mai rabon ruwan ƙauye, ya zo yana juya hularsa a hannu.

"Doña Eufemia, Delfino ya aiko ni. Wai ranar Alhamis jirgi zai wuce, kada a saki ruwa a wannan reshen."

"Alhamis ruwan wa?"

"Na gidan Tafoya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi kakana."

"Da aka yi gayyar yashe lambatu a bazara, gidana ya yi rabonsa ko bai yi ba?"

"Ya yi. Ke da kanki kika riƙe shebur, har kika zagi surukina wai yana haƙa kamar mai neman allura."

"To kana da ikon hana ni ruwana?"

Onofre ya kalli barkonon da ya fara yaushi, ya kalli sama. "Ni saƙo aka ba ni, na isar. Kunnena kuma ya yi nauyi kwanan nan, ba na jin ƙarar ƙofar ruwa sosai."

Ranar Alhamis, da gari ya waye, ta ɗauki shebur da kujerar roba ta hau inda ƙofar ruwan take. Ta ɗaga katakon har ƙarshe. Ruwa ya taho da kumfa da ganyaye, ya gangara har kwana, ya shige ƙarƙashin tsakuwa ya ɓace. Da ƙasa zalla aka cike lambatun, da ruwan ya taru kowa ya gani. Amma da duwatsu aka cike shi, ruwa kuwa ya bi tsakaninsu shiru ya bazu cikin sabuwar ƙasar. Daga sama wuri a bushe ƙayau. Ta zauna ta ɗora shebur a cinya.

Sai bayan rana ta karkata jirgin ya iso. Motocin 'yan sanda a gaba, sai wasu mutane da dogayen sanduna suna ɗaga wayoyin lantarki, sai shi kansa, toka-toka, ya tokare sama, ya fi coci tsawo. Tafiya yake kamar ana rakiyar gawa. Mutane suna tafi, kakaki na tashi. Delfino ya sa sabuwar riga, yana tafiya da baya a gaban tirelar yana yafito direba da hannu biyu, kai ka ce shi ya haifi jirgin.

Kan motar ya sha kwana lafiya. Tayoyin baya suka hau sabuwar tsakuwa, suka ɗan yi gaba, sai ƙasa ta buɗe baki a hankali ta haɗiye su har gindi. Jirgin ya yi wani dogon nishi na ƙarfe, ya jingina gefe guda, ya tsaya. Kakaki ya mutu a bakin masu busa. Ruwan laka ya fara ɓulɓulowa ta tsakanin tayoyi.

Direban, wani jibgegen mutum mai jan wuya, ya sauko ya taka wurin, takalminsa ya nutse. "Wane ne ya ce min ƙasar nan ta bushe?"

Duk ido ya koma kan Delfino.

Da gudu ya hau wurin ƙofar ruwa, rabin ƙauye na biye da shi, har da wata hafsan soja, Manjo, wadda aka ɗora wa rakiyar jirgin. Eufemia ba ta tashi ba.

"Komadre, rufe ƙofar nan."

"Barkonona na jin ƙishi."

"Ruwan ba ya kaiwa gonarki, kin sani."

"Wa ya toshe masa hanya?"

Ya miƙa hannu zai kama katakon. Ta ɗora bakin shebur a kai, kusa da yatsunsa. "Taɓa. Taɓa ƙofar ruwan wani a ranarsa, a gaban mai rabo, mu ga gonar da za ka sake shayarwa a ƙauyen nan."

Onofre ya yi gyaran murya. "Har faɗuwar rana nata ne."

Manjon ta matso, ta cire tabarau. "Baiwar Allah, kowane minti ƙasar nan tana ƙara laushi. In jirgin ya kife, ban san abin da zai danne ba. Me kike so?"

"Ke ba ki yi min komai ba, 'yata. Gawar jirginki kike rakiya, kin ga yadda ake ɗaga masa waya, ana share masa hanya, ana busa masa kakaki. Ni ma ina da gawa a kwanar nan. Tambayi wannan inda ya kai ta."

Manjo ta juya. "Wace gawa? An ce min alluna ne kawai a wurin."

"Gicciye ne," in ji Delfino, murya ƙasa-ƙasa. "Yana adane."

Daga cikin taro Crucita ta ce, "A adane a ina? Ni dai na ga motar 'yan gwangwan ta fita daga yadinku ranar Litinin, da ƙafar garma tana leƙowa ta baya."

Can ƙasa jirgin ya sake yin nishi, mutane suka ja da baya. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar Delfino.

Eufemia ta miƙe, ta dogara da shebur.

"Ba na son tifarka. Duwatsun da ke ƙarƙashin tayoyin can nake so, ka shiga laka ka tsamo su ɗaya-ɗaya da hannun da ka ajiye na farko. Ka bi 'yan gwangwan ka dawo da ƙarfen Anastacio, ko a narke yake. Amma kafin wannan, ka tuɓe hular nan. Ga mutanen da suka ɗora duwatsun, ga Fada, ga soja. Ruwan nan nawa ne ni har rana ta faɗi, kuma ranar da sauranta. Ka taka ka nuna mana inda ran Leandro ya fita, in ka sani. In ba ka sani ba, ka faɗa da bakinka kowa ya ji abin da ka yi wa ɗan da ka riƙe a gaban Allah. Muna jin ka, Delfino. Amsa."