Tsiren Kaza a Tashar Kafanchan

Tun da aka sallami Gilbert daga aikin kuku a jirgin ƙasa, farkon shekarar 1991, zama ya gagare shi. Ya saba girki a kicin mai tafiya, tukunya na rawa shi ma yana rawa, daga Fatakwal har Kano. Yanzu ga shi a gida a Kafanchan, ƙasa ta ƙi motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya zauna, ya tashi. Ya gyara dangar da ba ta lalace ba. Ya wasa wuƙaƙen gidan har da waɗanda ba a yanka komai da su.

"Baban Edna, don Allah ka zauna wuri ɗaya, kana sa ni jiri," in ji matarsa Afiniki, wadda ke koyarwa a firamare.

Da mangwaro ya nuna, ruwan farko ya sauka, sai ya tuna da wani gashin kaza da wani injiniya Ba'indiye ya taɓa nuna masa a cikin tarago, mai kori da zaƙi-zaƙi. Nan take ya yanke shawara: ranar Litinin zai kai shi tasha ya sayar wa fasinjojin jirgin hantsi.

Da sanyin safiyar ranar ya aika wa Jibir, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari. Sun daɗe tare. Ko bayan rikicin da aka yi a garin shekarun baya, lokacin da maƙwabta da yawa suka koma gaisuwa daga nesa, Jibir bai daina shigowa gidan ba. Ya zo da kwaryar kindirmo daga matarsa Azumi, ya yi bisimilla ya yanka kajin da Gilbert ya tanada, don kowa ya iya ci.

"To, Kuku, nonon kuma na mene ne? Fura za ka dama wa kazar?"

"Kai dai tsaya ka gani, Malam Jibir."

Gilbert ya fige kajin, ya zare ƙashi, ya yanka tsokar gutsi-gutsi. Ya jefa abarba da nunannen mangwaro a turmi ya kirɓa, ya ƙara cittar Kachia, tafarnuwa, albasa da barkono. Ya juye a roba, ya barbaɗa kori har ruwan ya koma ɗorawa, ya ɗiga zuma, ya sa gishiri, sannan ya zuba kindirmon. Ya ɗanɗana, ya ƙara kori, ya sake ɗanɗanawa. Sai ya tura naman ciki ya cuɗa da hannu, ya rufe. Tsinkayen tsire kuwa tuni ya jiƙa su a ruwa don kada wuta ta cinye su.

Ya ɗora rabin duro da raga da buhun gawayi a baro, Jibir ya ɗauki robar, suka nufi tasha.

Dandamali cike yake da mutane da kaya: buhunan citta, doya, ɗalibai da akwatunansu. Gilbert ya kafa duronsa a ƙarƙashin wata bishiya, amma bai hura wuta ba. So yake a ji ƙamshin daidai lokacin da jirgi zai tsaya, nama na tsiyaya, ba wanda ya huce ba.

Hantsi ya wuce. Rana ta take. Ya je bakin layi ya leƙa kudu, ya dawo. Ya buɗe robar ya rufe. Ya je wajen Kumai, ma'aikacin tasha, wanda suka yi aiki tare.

"Ruwan jiya ya zubo ƙasa a kan layi can kudu," in ji Kumai. "Suna kwashewa. Yanzu-yanzu za ka ji shi."

"Yanzun yaushe?"

"Haba Oga Gilbert, kai ma ka san aikin nan."

Ya sani. Abin da ke cin ransa daban ne. Ɗanyar abarba ba ta da haƙuri. In nama ya jima a cikinta kaɗan, ya yi laushi mai daɗi, in ya wuce ƙima kuma sai ta narkar da shi. Ya sa yatsa ya matsa gutsure ɗaya. Ya fara sakin jiki. Ya kalli gawayi, ya kalli layi. Ya ɗauko ashana ya mayar aljihu.

Jibir ya je ya yi sallar azahar ya dawo ya tarar da shi yana kai-komo tsakanin bishiyar da bakin dandamali.

"Kuku, wa kake jira ne wai? Waɗannan da ke zaune tun safe ba mutane ba ne? Dube su, yunwa ta gama da su."

Gilbert ya juya ya dube su kamar yanzu ya fara ganinsu. Sai ya ƙyasta ashana.

Wajen soke naman aka sha wuya. Wani ya zauna a tsinke, wani ya sulale ya faɗa robar. Ya riƙa tokare su da yankan abarba da tattasai, yana huci. Da gawayi ya yi ja ya jera su a raga, zuma ta fara ƙonewa, hayaƙi mai ƙamshin kori ya bi dandamali. Mutane suka fara matsowa. Yana juyawa yana shafa sauran ruwan haɗin da gashin fiffiken kaza, rabin hankalinsa na kan kada su watse.

Wani dattijo mai buhunan citta ya shinshina ya ja baya. "Nama da zaƙi? Ba giya a ciki dai ko? Wa ma ya yanka?"

"Ni na yanka, Alhaji," in ji Jibir. "Nonon kuma matata ta tatso. Sauran mangwaro ne da abarba, a gabana aka daka." Ya zari tsinke ɗaya ya ci.

Dattijon ya karɓi ɗaya, ya tauna a hankali. "Ba tsire ba ne wannan," ya ce. Sai ya miƙa hannu. "Ƙaro biyu."

Daga nan kuwa sai hannuwa. Ɗalibai suna ta surutu da Turancin buroka suna ture juna. Wanda ya farfashe a raga, Gilbert ya kwashe shi a takarda ya miƙa wa wata mata mai goyo. Da Afiniki ta biyo daga makaranta, saura tsinke ɗaya ta samu, shi ma Jibir ne ya ɓoye mata. Ta ci, ta ce abarbar ta yi yawa. Ya ce ya sani.

La'asar ta yi sanyi suka kashe wuta, suka ɗora kaya a baro. Sun yi nisa, sun kusa kwanar kasuwa, sai ga kukan jirgi daga kudu.

Gilbert ya tsaya cak.

"Baban Edna, ba ka da komai fa da za ka sayar," in ji Afiniki.

Ya sakar wa Jibir hannun baro ya juya da sassarfa, har ya haɗa da gudu. Ya isa jirgi na numfarfashi a dandamali. Ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya har ya kai na kicin. A taga ya ga Meshak, wanda ya gaje shi a aikin, ya rame, da tawul a wuya.

"Oga! Kai ne? Ƙamshin me nake ji a jikinka haka? Me ka kawo mana?"

Gilbert ya dubi hannuwansa, kori ya rina su. "Kun makara, an cinye."

"Ranar Alhamis za mu dawo. Ka ajiye mini, gas ɗinmu ma ya ƙare tun Makurɗi."

Jirgi ya yi kuka ya ja. Gilbert ya bi tagar da tafiya har ƙarshen dandamali, yana faɗa wa Meshak yadda ake haɗin, Meshak na cewa ba ya ji. Da taragon ƙarshe ya wuce, ya koma da sauri ya cim ma su Jibir, ya tambaye shi ko za a samu kaji a ruga kafin Alhamis.