Ranar da Ƙahon Kumatu Ya Yi Shiru

Kumatu ba sunansa na yanka ba ne. 'Yan badujalar ma'aikatan tashar jirgin ƙasa ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, saboda in ya sa ƙaho a baki kumatunsa kan cika tim, kamar ya ɓoye lemo a ciki. Sunan ya bi shi har furfura, shi kuma bai taɓa jin haushi ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a asibiti, ya daɗe ƙwarai. Ranar sallama likita ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, huhunka ya sha wuya. Zai dawo, amma a hankali. Wataƙila ba duka ba."

Duk maganar likitan ta wuce, sai wannan ta ƙarshen ce ta biyo shi gida ta zauna masa a ƙirji. Ga shi shugaban ƙungiyar badujalar ya aiko cewa kujerarsa na nan ba a ba kowa ba, amma akwai faretin yaye ɗalibai da ke tafe a wata makaranta, suna son su san matsayinsa. In ba zai iya ba, dole a zaunar da wani.

Da ya ɗan ji ƙarfi, sai ya jawo akwatin ƙahon daga ƙarƙashin gado. Yana buɗewa ya ja baya. Tagullar na walƙiya har yana ganin fuskarsa a jiki, da ramar da ya yi duka.

Matarsa na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana ta danne murmushi.

"Maman yara, wa ya taɓa min ƙaho?"

"Aljanu," ta ce. "Kana can kwance, ni ina nan hannuna ba abin yi in na dawo daga dubiya. Na ce bari in yi wa kishiyar ƙarfen nan wanka, ko ta ji daɗi ta yi maka addu'a."

"Kin iya ne?"

"Shekara nawa ina kallonka? Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulu kaɗan. Na kwance maɓallan nan uku na ajiye a kan tawul, na zura dogon burushin ta ciki. Baban yara, abin da ya fito daga cikin nan, ko magudanar kicin albarka! Na shanya a inuwa, na ɗiga man da ke 'yar kwalbar, na mayar da komai."

Ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Suna sauka suna tashi sumul, ba ƙara.

"Allah Ya yi miki albarka," ya ce.

"To busa mana mu ji."

"Sai na ƙara hutawa."

Bai yarda ya gwada a gabanta ba. Ya jira har ta ɗauki jaka ta tafi cefane, ya rufe taga, ya zauna bakin gado. Ya lashi leɓe, ya ja numfashi kamar yadda ya saba, ya busa.

Shiru. Ko ɗan tsaki ƙahon bai yi ba. Kumatunsa suka cika, kunnuwansa suka toshe, iskar ta dawo masa ta tayar da tari. Ya yi tari har hawaye suka zubo. Da ya lafa, ya daɗe yana kallon ƙahon a kan cinyarsa. Bai sake gwadawa ba. Me zai gwada? Ai likita ya riga ya faɗa.

Da matar ta dawo ta same shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta tambaya, ya ce gajiya ce. Abincin rana ma taɓawa kawai ya yi.

Washegari da hantsi ya saɓa akwatin ya nufi tasha. Tafiyar da a da ba ya jin ta, yau sai da ya tsaya ya huta a gindin sandar lantarki, ya sake hutawa a gaban shagon mai faci. A bayan tashar akwai wani tsohon sito inda ƙungiya ke ajiye kayanta. Nan Dogo ke wuni. Dogo shi ke busa babban ƙahon nan da ake rungumewa kamar yaro, shi ne kuma mai gyaran kayan busa na ƙungiyar. Tare suka shiga badujala, tare suka tsufa, ba ranar da suka haɗu ba su tsokani juna ba.

Ya same shi zaune gaban baho, ya tsoma wani ƙaho a ruwan kumfa, tsummoki rataye a wuyansa, ɗakin na warin man goge tagulla.

"A'a! Gawa ta tashi!" in ji Dogo. "Har na fara auna kujerarka in ga ko za ta ɗauki ƙafafuna."

Kumatu bai yi dariya ba. Ya ajiye akwatin a kan tebur.

"Ka ba Shugaba. Ya ba wanda zai zauna a wurina. Ƙaho ne mai kyau, kada ya lalace a ƙarƙashin gado."

Dogo ya goge hannu a hankali. "Me ya faru?"

"Iskar ta tafi, Dogo. Na busa jiya, ko ƙis."

"Sau nawa ka busa?"

"Sau ɗaya ya ishe ni."

Dogo ya buɗe akwatin, ya yi fito. "Kai! Wannan ƙahonka ne kuwa? Naka da na sani ai kalar tsohuwar tukunya ne."

"Maman yara ce ta wanke."

Dogo ya ɗaga ido ya dube shi. Ya goge bakin ƙahon da gefen rigarsa, ya cika wannan ƙaton ƙirjin nasa da iska, ya busa. Idanunsa suka firfito, jijiyar wuyansa ta miƙe. Shiru.

Ya sauke ƙahon yana haki. "To, ni ma nawa huhun ya mutu ke nan. Sai a haɗa mu a yi mana jana'iza ɗaya, a huta."

Kumatu ya matso kusa bai sani ba.

Dogo ya murɗe murfin maɓalli na farko, ya zaro sandar ƙarfen da ke ciki, ya kai ta bakin taga wurin haske. Ya yafito Kumatu. A jikin ƙarfen, can sama kusa da waya mai lanƙwasa, akwai 'yar lamba da aka buga, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero.

"Karanta min, tsoho."

Kumatu ya ƙanƙance ido. "Uku."

"Uku a gidan ɗaya. Ɗaya kuma na can gidan uku yana baƙunta. Ramukan jikinsu ba su dace da bututun ba, ta ina iska za ta bi? Ko injin jirgin can ka haɗa masa ba zai yi magana ba." Ya girgiza kai. "Kai da ka koya wa rabin ƙungiyar nan haɗa ƙaho!"

"Ni ban taɓa sauya musu gida ba, balle in san yadda abin yake a baki," in ji Kumatu a sanyaye. "Kuma maganar likita ce a kunnena."

"Tsoro ne ya toshe ka, ba ƙirji ba."

Dogo ya ɗiga wa kowace sanda mai, ya mayar da ita gidanta, ya juya har ta ce ƙas ta zauna. Ya leƙa cikin bututun ya ce, "Amma fa a gaishe da maman yara. Tsatsar da ka tara tun muna samari duk ta kwashe. In tana neman aiki, ga baho."

Ya miƙa masa. Kumatu ya karɓa. Ya ce ko a bari sai gobe, Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya da tsawonsa.

Kumatu ya busa.

Sautin ya fito a dushe, ya karye a tsakiya kamar muryar zakaran da ke koyon cara, ya mutu da wuri. Amma ya fito. Tantabarun da ke rufin siton suka tashi fir. Kumatu ya sake jan numfashi, wannan karon sautin ya miƙe sak, ya ɗan jima kafin tari ya yanke shi.

Ya zauna a kan benci yana tari yana dariya, yana share ido da bayan hannu.

"Bai kai na da ba," ya ce.

"Na da ɗin ma wa ya ce maka daɗi gare shi? Haƙuri muke yi." Dogo ya zauna kusa da shi. "Kullum da safe ka riƙa jan sauti ɗaya, dogo, iya inda numfashi ya kai. Kada ka yi gaggawa. Zan gaya wa Shugaba kujera na da mai ita. In ka gaji a fareti ka yi shiru, ni zan rufe ka da nawa, ba wanda zai gane."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa na ninke wanki. Ta dubi akwatin, ta dubi fuskarsa.

"Ina ka kai kishiyar tawa?"

Ya zauna a gabanta ya zaro sanda ɗaya, ya nuna mata lambar, ya ba ta labari tun daga rufe taga. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Wallahi duk kamarsu ɗaya na gani. Ashe ni na hana ka cin abinci jiya? Kai ma da zurfin ciki, da ka faɗa min!"

"Dogo ya ce a ba ki aiki."

"Dogo ya ji da tsawonsa. Miƙo min tabarauna in ga lambar nan da kyau, don wankan gaba."

Da la'asar ya buɗe taga, ya ja sautinsa guda, a hankali, iya inda numfashi ya kai. Bai kai ga na uku ba maƙwabcinsu tela ya fara dukan bango.

"Kumatu! An dawo ke nan? Mun ɗan huta fa!"

Maman yara ta leƙa ta taga da riga a hannu. "Sai haƙuri, maƙwabci," ta ce. "Gobe ma da safe ne."