Ranar Da Aka Sa Gimba A Wasa

A shekarar 1975 Hausawan Obiagu, cikin garin Inugu, kashi biyu ne. Akwai tsofaffin zama, 'yan goro da teloli da mahauta, waɗanda suka gudu Arewa gab da yaƙin basasa, suka dawo bayan an ajiye makamai. Akwai kuma samarin da arzikin fetur ya janyo daga ƙauyuka, masu dakon siminti da sauke kaya a tasha. Abinci bai yi wa kowa wuya ba, aiki kuwa har ya fi ƙarfin masu yin sa. Abin da tsofaffin suka rasa shi ne sakin jiki. Suna ciniki da maƙwabtansu Ibo, suna gaisawa, suna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa, amma ko gardama ce ta tashi a bakin famfo, sai ka ga Bahaushe ya fara rage murya.

Unguwar tana da ƙungiyar ƙwallo, Zaratan Obiagu, mai buga gasar unguwanni. Kocinta shi ne Malam Muntaka tela, wanda kafin gudu babu ɗan bayan da ake ji da shi kamarsa. A wannan shekara an buga wasa bakwai, an cinye su a duka bakwai ɗin.

Duk Obiagu mutum ɗaya ne wannan bai ɓata wa rai ba: Haulatu, 'yar Malam Muntaka, mai shekara goma sha biyu. Dalili kuwa, wata safiya tana wanke rigunan 'yan wasa a tsakar gida ta ji mahaifiyarta, Mero, tana cewa:

"Malam, wai don me ba za ka sa yaron nan Gimba ba, mutane su bar mu mu sha iska? Ko famfo na je zancen ke nan."

"Mero, Gimba yana da ƙafa, ban ƙi ba. Amma zuciya gare shi kamar ashana. Ranar da ya karya ɗan wani a fili, ba wanda zai ce ƙwallo ce, cewa za a yi Hausawa sun fara. Kina so ki sake hawa jirgin nan?"

Haulatu tana da shekara uku lokacin da suka gudu Arewa a jirgin ƙasa. Abin da take iya tunawa kaɗan ne: ƙishirwa, da ƙafafun manya ta kowane gefe, da ƙaninta jariri wanda aka hau da shi yana kuka a Inugu, aka sauko da shi a Kafanchan naɗe cikin zane. Tun daga safiyar nan, duk ranar wasa sai ta roƙi Allah a zuci kada a sa Gimba, ko da za a ci Zaratan goma.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, magoya baya suka taru a rumfar Baba Na'Allah, tsohon ɗan goro wanda shi ne uban ƙungiya. Rumfar tana jingine da bangon shagon Malam Muntaka, Haulatu kuwa tana ciki bakin taga, tana dasa maɓallai a wata riga. Babu abin da ya wuce mata.

Baba ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali da kasuwa, ya fasa goro aka zagaya da shi. Sannan ya ce, "To, ga fili ga mai doki."

Kallamu direba, Babarbare mai ƙatuwar murya, shi ya fara. "Baba, Allah ya ja kwana, ni dai kunya ta ishe ni. Har Anacha na kai lodi, yaran tasha suna tambayata wai da gaske ne golanmu makaho ne."

"Ba makaho ba ne," wani ya ce daga baya, "ladabi ne ya yi masa yawa. Ranar nan ƙwallo ta bi tsakanin ƙafafunsa, har juyawa ya yi yana mata a sauka lafiya."

Aka kwashe da dariya. Bubayero dillalin shanu ya ɗaga sandarsa. "Ku bar Babarbare, me ya sani a ƙwallo in ban da ihu? Ba laifin koci ba ne. Ku dubi abin da ke hannunsa: ɗan mai shayi, ɗan ladan, da yaron nan mai tarin da ba ya ƙarewa. Wanda aka ba akuya ba a tambayarsa nonon saniya."

"To wa ya zaɓo akuyoyin, Fillo?" Kallamu ya mayar masa. "Kai da ka san shanu, ka taɓa ganin an ɗaure bajimi an sa ɗan maraƙi huɗa? Ga Gimba nan. Buhu biyu yake ɗauka a lokaci guda. In ya buga ƙwallo a nan, sai an je Abakpa an ɗauko ta."

"Ƙarfi ba shi ne wasa ba."

"Rashin ƙarfin ma mun gani ba shi ba ne. Bakwai, Bubayero! Ko matar mutum ce ta ƙona tuwo sau bakwai, ai a kira iyayenta."

Allura ta soki Haulatu a yatsa, ba ta ko ji ba. Ta leƙa ta ga mahaifinta zaune a ƙarshen benci, awon ɗinki rataye a wuyansa, yana kallon ƙasa. Sai ga Gimba ya ratso mutane, ƙurar siminti har a girarsa. Ya durƙusa ya gai da Baba, sannan ya juya.

"Malam, don Allah me na yi maka? Kullum ni ne farkon zuwa atisaye. Ko don ba a nan aka haife ni ba?"

"Ba ka yi mini komai ba, ɗana," in ji Malam Muntaka. "Jibi da Kanikawan Ogbete za mu buga. Kun san su, kun san yawan mutanensu. Ku samari ba ku ga tashar nan ba a shekarar gudu. Ni na gani. Gara a ci ni kullum in kwana a gidana."

Haulatu ta ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma Kallamu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, muryarsa ta sauko.

"Malam Muntaka, ni ma na gani. Mata da yara arba'in na ɗauka a motata har Makurɗi, ban tsaya ko shan ruwa ba. Amma in tambaye ka: mun dawo ne mu zauna, ko mun dawo ne mu yi ta raɓe-raɓe kamar kazar baƙo? In har ƙwallo ma ba za mu iya buga ta da gaske da mutanen nan ba, to ba mu dawo ba tukuna."

Aka sake kaurewa da surutu, wasu na nan, wasu na can. Daga ƙarshe Baba Na'Allah ya tafa hannu. Ya ce Malam Muntaka ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma ya huta haka nan. Kallamu zai riƙe ƙungiya daga yau.

Ranar Lahadi da la'asar Mero ta hana Haulatu fita, ta ma tura ƙofar gida. Yarinyar ta jira har mahaifiyarta ta tayar da salla, ta zame. Ba sha'awar kallo ce ta kai ta ba. Ta dai ƙudura cewa in abin zai fara, gara ya same ta riƙe da hannun babanta.

Filin na wata makarantar firamare ne, babu katanga, igiya kawai aka zagaya. Mutanen Kanikawa sun cika gefe uku, da ganguna da ƙarafa suna bugawa. Ta sami Malam Muntaka tsaye can kusa da wata bishiyar mangwaro, shi kaɗai. Ya buɗe baki zai yi mata faɗa, ya fasa, ya kama hannunta.

Ba a yi minti ashirin ba Gimba ya ture 'yan baya biyu ya zura ƙwallo a raga. Samarin siminti suka yi ta tsalle suna ihu. Haulatu ba ta dubi raga ba, fuskokin gefe ukun nan take dubawa. Gangunan sun tsaya. Kanikawa suka farke kafin hutu, suka ƙara ta biyu bayan an dawo, ta ɗan sami numfashi.

Sai abin ya faru. Wani siririn ɗan gaban Kanikawa ya yanke Gimba sau biyu, ya tsaya yana yi masa gwalo. Gimba ya bi shi ya share masa ƙafafu ta baya. Har inda suke tsaye suka ji ƙarar. Yaron ya faɗi yana birgima, riƙe da ƙwaurinsa.

Igiyar ta tsinke. Mutane suka ɓarko cikin fili kamar an buɗe garke. Haulatu ta ga wani ƙato, da baƙin mai a rigarsa, ya shara wa Gimba mari, Gimba ya rama. Ta ga Kallamu yana gudu, babbar rigarsa tana tashi. Ƙura ta rufe sauran. Ihu ya cika mata kunne, ƙafafun manya ta kowane gefe.

"Innalillahi," mahaifinta yake ta maimaitawa. Ya ja ta za su gudu, amma bai san ta ina ba, ya yi taku biyu ya tsaya.

"Malam, tsaya, ina za ka da yarinya cikin turmutsitsin nan?"

Wani dattijon Ibo ne mai furfura, da lema a hammata, yana magana da Hausar Kano tsantsa. Ya sa lemar ya tare musu mutane, ya matsar da su jikin bishiya.

"Yanzu za su gaji," ya ce. "Kowane mako haka suke. Makon jiya da 'yan Uwani suka yi, har haƙorin rafali ya fita." Ya juya wajen fili ya ɗaga murya, ya zazzaga wata magana da yarensu. Haulatu tana jin Ibo sarai: kocin Kanikawa yake zagi, yana cewa a kore shi ya koma sayar da taya.

Ya juyo yana huci. "Kocin banza gare mu. Ya ga yaronku ya fusata tun ɗazu, bai cire namu ba. Kai kuwa ba kai ne kocinsu ba? Ina ka ɓoye wannan ɗan gaban duk shekara? Da a Sabon Gari ne, lokacin da nake can, da tuni an sace muku shi."

Malam Muntaka ya dube shi. "Ka zauna Kano?"

"Shekara ashirin da biyu. A jirgi na baro ta." Ya sake duban fili. "Ka ga ni? Sun gaji."

Haka kuwa aka yi. Wasu dattawa daga kowane ɓangare suka shiga tsakani, ɗan sanda guda ya iso a kan keke yana busa usur. Rafali ya kori Gimba, leɓensa a fashe. Aka ɗauke yaron da ya faɗi, yana ɗingishi yana zagi, abin da ya nuna ƙafar ba ta karye ba. Aka ɗaura igiya, aka ci gaba da wasa. Da mutum goma, Zaratan suka sake shan ɗaya. Aka tashi uku da ɗaya.

A hanyar gida Haulatu tana ta waige. Ta duba ko an fara rufe shaguna, ba a rufe ba. Mai gasa masara tana nan a bakin kwalbati tana fifita garwashi. Wasu magoya bayan Kanikawa suka wuce su suna waƙa, ɗaya ya nuna wa Malam Muntaka yatsu uku ya yi dariya, suka yi gaba abinsu. Har suka shiga Obiagu babu wanda ya biyo su.

Can suka iso kusa da rumfar Baba Na'Allah, inda tuni an taru ana ta musu, ana jiyo Bubayero yana cewa dama ya faɗa, a ba Babarbare mota kawai. Malam Muntaka ya tsaya yana saurare. Sai ya yi tsaki.

"Ji shirme. Ya za a yi Kallamu ya bar baya da mutum biyu bayan an kori Gimba? Ko yaro ya san a janyo ɗan ladan ya dawo." Ya saki hannunta. "Shiga gida, uwata, ki ba innarki haƙuri. Ki ce mata ina nan rumfa."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa ya kutsa cikin mutane, yana ɗaga murya fiye da yadda ta taɓa ji. A nan Haulatu ta gane cewa ana iya yin faɗa da mutanen gari a yi ta mari, kuma kowa ya koma gidansa, faɗan bai wuce na ƙwallo ba.