Gwadon Da Aka Rataya A Kan Zana

A shekarar da aka fara ɗibar mutane zuwa yaƙin Jamus, aikina shi ne yawo da labarin 'ya'yan mutane a baki. Malam Elias, wani mutumin Lakwaja, yana da 'yar makaranta a Sabon Gari, can bayan tasha, ɗakunan jinka da rumfa guda. Yaran da gidajensu ke nesa a nan suke kwana. Iyayensu ba sa karatun boko, don haka duk Asabar sai ya zaunar da ni ya gaya mini abin da zan faɗa, ni kuma in bi ta Jushi da Dogarawa har Samaru, ina sallama ƙofa ƙofa.

Ni ma na taɓa zama a bencin makarantar nan, amma ban daɗe ba. Zaman wuri ɗaya bai karɓe ni ba. Na yi dako a tasha, na yi wa wani Bayarabe jiran kanti, na bi masu awon auduga. Da Malam Elias ya gan ni ina gararamba a kasuwa sai ya ce, "Ɗanmalam, tunda ƙafarka ba ta son hutu, zo in ba ta aiki."

Sanyin shekarar ya zo da ƙarfi. Da safe yara ba sa iya riƙe alli, yatsu sun ƙage. Malam ya mayar da karatu waje, inda rana ke faɗowa, matarsa Janet kuma tana dama musu kunu mai zafi kafin a fara. Labarin da nake kaiwa gidaje bai wuce wannan ba: karatu sai hantsi ya ɗaga, yara sun shuka albasa a bakin rijiya, babu hutu sai baturen makaranta ya zo ya duba su. Malam yana tsoron kada iyaye su firgita su kwashe 'ya'yansu, shi ya sa ya kafa mini doka.

"Kada ka kai wa kowa kuka. Abin da aka tambaye ka, shi za ka amsa."

Dokar ta yi aiki a yawancin gidaje, domin uwaye ba sa barin tambaya. Wannan ta ce tarin Bernard ya tafi? Waccan ta ce da me nata yake rufa? Sai in komo Sabon Gari da kaya a ka: bargo, tsohuwar riga, man kaɗe na faso, ƙuli-ƙuli a ƙulle cikin ganye. Yara su yanyame ni tun daga bakin hanya. In na gama rabo kowa ya watse da nasa, ni kuma in wuce ɗakin da nake haya, inda babu mai tambaya ta ko hanya.

Yaro ɗaya ne ba ya zuwa tarya ta. Sunansa Dalhatu, ɗan Samaru, bai fi shekara goma ba. Ubansa yana aikin shimfiɗa dogo can wajen Bukuru, shi ya kawo shi makaranta don ya zama akawu, ya tafi. A gidansu daga uwarsa Bilkisu sai kakarsa, Goggo Barakatu, tsohuwa mai ciwon gwiwa da yawan zance. Ita ke fitowa zaure ta karɓi labari. Bilkisu ban taɓa ganin fuskarta ba. Abin da na sani nata shi ne ƙarar taɓarya a bayan zana, don kullum na zo daka take yi.

Wata Asabar na isa gidan ina sauri, domin na ji ana dambe a Jushi da la'asar, ba na so ya wuce ni.

"Mai yawon ƙafa, ka iso?" in ji Goggo. "Ina ragon mijin nan nawa? Yana cin tuwo, ko Nufawan nan sun koya masa cin kifi?"

"Yana ci, Goggo. Yana gaishe ki."

"Ƙarya kake. Wannan bai iya gaisuwa ba, ubansa ya biyo."

Na zazzage mata labarin albasa da na bature. Sai ƙarar taɓarya ta tsaya. Wata murya ta fito daga bayan zana, a hankali, kamar mai magana da kaji.

"Goggo, tambayi baƙo, yaran makarantar nan da me suke rufa da sanyin nan?"

Yara aka tambaye ni, yara na amsa. Na ce, "Ai barguna da gwaduna sun yi musu yawa. Lafiya lau suke kwana." Gaskiya ce, a kan yawancinsu. Taɓarya ta ci gaba. Na sa takalmina na kama hanya, na kuwa sami damben.

Washegari na iske Dalhatu a jikin bango yana shan hantsi, ya lulluɓa da wani tsohon buhun auduga da Janet ta ba shi. Yara sun riga sun laƙaba masa suna.

"Ɗan buhu, matsa kada masu awo su ɗora ka a sikeli!" Bernard ya faɗa, sauran suka kwashe da dariya.

Dalhatu ya ɗago kai. Ni ya kalla.

"Yaya, me aka ce a gida?"

"Goggo ta ce kai rago ne."

"Ita fa?"

Na san wadda yake nufi. Na ce, "Ba ta ce komai ba."

Ya ja buhun ya rufe gwiwoyinsa. Can ya ce, "Jirgin Bukuru ranar Laraba yake tashi ko?"

"Me ya haɗa ka da jirgin Bukuru?"

"Wurin Baba zan tafi. Nan babu wanda ya san ina nan."

Ya faɗe ta ba kuka ba fushi, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Na san inda jirgi ke kai yaro irinsa. Ba ya kai shi wurin ubansa. A wata tasha yake zubar da shi, ya wayi gari da kayan wani a ka, yana kwana jikin buhunan gyaɗa. Na ga irinsu da yawa, na ci abinci kwano ɗaya da su.

Na gaya wa Malam Elias. Ya girgiza kai ya ce zai sa ido, sa'an nan ya ce, "Amma wace irin uwa ce wannan? Tun da aka kawo yaron ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ta tambaya ba."

Shi baƙo ne, ba laifinsa ba ne. Ni da aka haifa a ƙasar nan, sai da ya faɗi haka na tuna Dalhatu ɗan fari ne. Macen kirki ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, balle gaban uwar mijinta da baƙo. Iyakar abin da kunya ta bar mata ke nan, ta tsayar da daka ta tambayi yaran duniya gaba ɗaya. Ta tambaya, ni kuwa hankalina yana wurin dambe.

Ranar Laraba da sassafe na kama hanyar Samaru ba tare da an aike ni ba. Hanyar babu kowa sai masu itace jefi-jefi. Gonaki duk an girbe, kara a tsaye, sanyi yana shiga ta tsagar ƙafa. Na yi ta juya maganar da zan faɗa. In na kama sunan yaron na ce ga halin da yake ciki, na kunyata ta gaban Goggo, kuma dole ta nuna ko a jikinta.

"Yau Asabar ce, ko tsufa ya fara ci mini kwanaki?" in ji Goggo da ta gan ni.

"Wucewa nake, na ce bari in sha ruwa."

"Wucewa zuwa ina? Bayan gidan nan sai dawa. Ko wata ka gani a ƙauyenmu? In ni ce, na riga na yi miji."

Ta sa aka miƙo ruwa. Daka yana tafiya a bayan zana. Na ɗaga murya fiye da yadda zaure ke bukata.

"Goggo, rannan na yi muku kuskure. Na ce yara duka sun rufu. Akwai guda ɗaya, ban ce ga gidansu ba, da buhun auduga yake kwana. Har ya fara tambayar ranar tashin jirgi."

Taɓarya ta tsaya cak.

Goggo ta dube ni da idanunta masu yana. Ta daɗe tana dubana. Sa'an nan ita ma ta ɗaga murya.

"Oh ni Barakatu! Wane gida ne wannan na marasa tausayi? Allah ya kyauta. Zauna, yaro, ka ji yadda gwiwar nan ta hana ni barci."

Ta riƙe ni da zancen gwiwa, da na akuyarta da ta ƙi cin dusa, da na wani mai magani da ya cuce ta. Ban ji motsin komai a cikin gida ba. Can sai daka ya dawo, da sauri fiye da na ɗazu.

Da na fito, sai ga farin gwado a rataye kan zana, ta wajen hanya. Muryar nan ta sake fitowa.

"Goggo, tsumman nan ya ishe ni, na fitar da shi. Mai wucewa in yana so ya ɗauka."

Ba tsumma ba ne. Saƙa ce mai kauri, ko huji babu, tana ƙanshin hayaƙi da man kaɗe. Na naɗe na ɗora a kafaɗa. Ban yi godiya ba, don ba a ba ni ba.

Ban sami Dalhatu a makaranta ba. Janet ta ce tun bayan kunu ba ta gan shi ba, Malam ya fita nemansa kasuwa. Ni tasha na nufa. Na same shi a bayan tarin katakon dogo, ya naɗe buhunsa a hammata, yana kallon leburori suna loda taragu. Na ajiye masa gwadon a cinya.

"Ta ce a ba ni?"

"A'a. Ta ce tsumma ne, ta jefar."

"Ta ambace ni?"

"Ba ta ambace ka ba."

Ya buɗe gwadon, ya bi bakinsa da yatsa har ya kai wani wuri da aka ɗinke da baƙin zare. Ya tsaya a nan.

"Wannan nata ne," ya ce. "Da shi take kwana. Ba ta da wani."

Ya kai shi hanci. Jirgi ya yi kuka, mutane suka fara turereniya, bai ko waiga ba. Ya yafa gwadon, gefensa yana jan ƙasa, ya tattare shi da hannu biyu ya kama hanyar makaranta. Ina kallonsa har ya sha kwanar kantin Bayaraben nan.

Na zauna inda ya tashi har jirgin ya fita. Ni ma ɗan fari ne. Lokacin da nake makarantar, Malam Elias bai fara aika kowa gidaje ba, garinmu kuma ya yi nisa da hanyar Asabar. Ban sani ba ko akwai abin da aka taɓa ratayawa a kan zanarmu, ya yini, aka mayar da shi ɗaki da yamma.

Dalhatu ya manta buhunsa a ƙasa. Na ɗauka na kakkaɓe. Ya fi wanda nake rufa da shi kauri, sai na tafi da shi ɗaki.